Tambayoyi biyu da Yaya ta yi mini daga Landan



Yayata ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti a Landan, shekara biyu ke nan da tafiyarta. Duk ranar Lahadi da yamma takan kira wayar Umma ta bidiyo, kowa ya karɓa ya gaishe ta. A da ni gaisuwa kawai nake yi, in tuna mata rigar Arsenal da ta yi mini alkawari, in miƙa wayar. A ganina babu abin tambaya, tun da kowa ya san Ingila: ƙwallo da sanyi da kuɗi.

A hutun Disamba da ya wuce ne abin ya canja. Ranar Umma tana kicin, sai aka bar ni da wayar. Ƙarfe biyar ne a wurinmu, rana tana nan ba ta faɗi ba, amma na ga tagar ɗakin Yaya baƙi ƙirin. Na ce, "Yaya, an ɗauke muku wuta ne?" Ta yi dariya har da tari. Ta ce ƙarfe huɗu ne a wurinsu kuma har ta yi magariba. A watan Disamba rana ba ta fitowa a Landan sai wajen ƙarfe takwas na safe, kafin huɗu na yamma kuma ta faɗi. A watan Yuni kuwa sai bayan ƙarfe tara na dare take faɗuwa. Sau biyu a shekara ma suke gyara agogo, a ƙarshen Maris su ƙara awa ɗaya, a ƙarshen Oktoba su rage. Shi ya sa wata rana lokacinmu ɗaya da su, wata rana mun riga su da awa guda.

Daga nan hira ta yi daɗi. Ta ce jajayen bas ɗin nan masu hawa biyu ba sa karɓar tsabar kuɗi, kati ake ɗorawa. Motoci a hannun hagu suke tafiya, kuma a satinta na farko saura kaɗan mota ta buge ta don ta duba ɓangaren da ta saba dubawa a gida. Komai layi ake bi. Idan mutum biyu suka haɗu a tashar bas, maganarsu ba ta wuce ruwan sama da sanyi. Amma ta ce sai ka yi wata guda ba wanda ya tambaye ka ya mutanen gida. Da ta faɗi haka ta yi shiru na ɗan lokaci, sai na gane ashe Yaya kewa tana damunta.

Na tambaye ta me take yi ranar da ba ta da aiki. Ta ce gidan tarihi take zuwa, saboda manyan gidajen tarihin Landan kyauta ake shiga, kuma akwai ɗumi a ciki, ga shi ɗumama ɗaki yana cin kuɗi. Akwai wanda aka tara kayan dabbobi da duwatsu da tsirrai. Kana shiga za ka ga ƙasusuwan wata dabbar teku a rataye a sama, tsawonta kamar mita 25. Siffarta ta kifi ce, amma shayar da 'ya'yanta take yi, kuma babu dabbar da ta kai ta girma a duniya. Na auna a raina, ta fi ajinmu biyu a haɗe.

Sai kuma Gidan Tarihin Birtaniya, wanda aka kafa a 1753. A ɗakin kayan Afirka Yaya ta ga allunan tagulla na masarautar Benin, waɗanda sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897 lokacin da suka ci birnin da yaƙi. Ta ce ta daɗe a tsaye a gabansu. Ta ji daɗi ganin mutane daga ƙasashe daban-daban suna mamakin aikin maƙeran ƙasarmu, ta kuma ji haushi don sai da ta haye jirgi kafin ta gan su. Ni nan take na ɗau zafi, na ce wallahi sai sun dawo mana da kayanmu. Yaya ta ce, "Gaskiyarka, Najeriya ma ta daɗe tana neman a dawo da su. Amma ƙanina, kai ka taɓa shiga Gidan Makama?"

Na yi shiru. Ban san sau nawa muka wuce ta ƙofarsa a adaidaita ba, ga shi kusa da fadar Sarki, amma ƙafata ba ta taɓa taka cikinsa ba. Wannan ita ce tambaya ta farko.

Lahadin da ta biyo baya muna cikin magana sai Yaya ta ce in yi shiru, ta juya wayar zuwa taga. Ƙarƙashin fitilar titi na ga wata dabba ja mai dogon hanci da jela buzu-buzu tana shinshina kwandon shara. Na zaci kare ne. Ta ce irin yanyawar ƙasarsu ce, 'yar uwar dila, kuma suna da yawa a tsakiyar Landan, da dare suke fitowa. Akwai kuma kurege mai ruwan toka da ke hawa bishiya a kowane lambu. Daga Amurka aka kawo shi, ya yi yawa har ya kori jan kuregen ƙasar daga yawancin Ingila.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne labarin wata tsohuwa maƙwabciyarta. Wai da zafi takan ajiye wa bushiya abinci da ruwa a bayan gida, har ta huda ƙasan shingenta don bushiyar ta riƙa wucewa gidan maƙwabta. Bushiya tana raguwa a ƙasar, shi ya sa suke lallaba ta. Da sanyi kuma ba a ganinta, barci take yi na watanni. Ita tsohuwar ce ta gaya wa Yaya cewa duk ƙarshen Janairu mutane da yawa a Birtaniya sukan zauna awa ɗaya su ƙirga tsuntsayen da suka sauka a bayan gidajensu, su aika wa ƙungiyar kare tsuntsaye. Tun 1979 ake yi. Da haka ake gane wane tsuntsu ne yake ƙaruwa, wane ne yake ƙarewa.

Sai ga tambaya ta biyu: "Tsuntsu nawa ka san sunansa a darbejiyar gidanmu?" Na ce kurciya, na ce gwara, daga nan na tsaya. Abin kunya shi ne na fi kowa harbinsu da danƙo a layinmu. Yaya ta ce wasu ƙananan tsuntsayen da suke yin sheƙa a Ingila, idan sanyi ya gabato sai su ƙetare teku da hamadar Sahara su zo Afirka ta Yamma, kuma fadamar Haɗejiya da Nguru tana karɓar tsuntsaye masu yawa daga Turai. Na yi ta tunani, wataƙila wani ya sha wannan doguwar tafiya lafiya, ya zo ya haɗu da dutsena.

A Asabar ɗin ƙarshen Janairu na shimfiɗa tabarma a tsakar gida da littafi da biro, Yaya ma ta zauna a tagarta. A awa ɗaya na ga kurciya da gwara da tattabara da hankaka, shirwa tana shawagi a sama, balbela biyu suka wuce. Akwai wani ɗan ƙarami ja da ya sauka kusa da murhu, ban san sunansa ba. Baba ya ce suna yara ungulu ba ta rabuwa da kwata, amma ni ban taɓa ganinta da idona ba. Danƙona yana nan a cikin akwati. Ban yar ba, amma tun ranar ban ɗauke shi ba.

Ina roƙon malamanmu, musamman na tarihi, a shirya mana ziyara zuwa Gidan Makama kafin ƙarshen wannan zangon, ko da karo-karo za mu yi na kuɗin mota. Na kuma liƙa farar takarda a ƙasan wannan rubutu. Duk wanda ya san sunan wani tsuntsu da ake gani a harabar makarantarmu ya rubuta, musamman sunan ɗan jan nan, don na yi wa Yaya alkawarin zan gaya mata ranar Lahadi.