Wasa Da Wuta: Yaushe Yake Zama Sana'a?

Da wuya a rasa irinsa a unguwannin birnin Gombe, ko a Jekadafari, ko Bolari, ko Herwagana, ko Pantami, watau yaron nan da Allah ya ɗora wa son wuta da ƙara. Tun yana ƙarami shi ne mai kankare kan ashana ya ɗura a ramin tsohon mabuɗi, ya cusa ƙusa, ya maka da bango don ya ji ta ce tau. In ya tasa, kuɗin barka da Sallarsa duka a kan nokawut suke ƙarewa. In ya zama saurayi, shi abokai suke nema ranar biki don ya cika sararin samaniya da tartsatsi. Iyaye suna kiran abin shiririta, maƙwabta suna kiransa fitina, shi kuwa a ransa yana ganin da za a bar shi da wannan zai ci abinci har tsufansa. To, ko akwai hanyar da wannan sha'awa za ta zama sana'a ta halal, wadda hukuma ta sani, jama'a kuma suka amince da ita?

Hanya tana nan, amma fa ƙunci gare ta. Abin da ke raba mai wasa da mai sana'a shi ne izni, da horo, da yarda a tuhume shi in abu ya ɓaci. Gwanintar kunna wuta ita ce mafi ƙanƙanta a cikin sharuɗɗan.

Wannan ba baƙon abu ba ne a Gombe. Masarautar da Modibbo Buba Yero ya kafa a zamanin jihadi, wadda hedkwatarta ta tashi daga Gombe Abba zuwa Nafada a 1913, sa'an nan ta sauka inda take yanzu a 1919, ta daɗe da sanin mutanen da aikinsu shi ne ƙara da hayaƙi. Su ne 'yan bindigar Sarki. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan Sallah ya san lokacin da sukan ɗaga bindigogin toka su saki wuta sama, ƙasa ta girgiza, hayaƙi ya turnuƙe, dawaki su yi ta haniniya, jama'a su san Sarki ya ƙaraso. Albarushi zalla suke ɗurawa, ba harsashi, domin manufar ita ce ban girma da ƙawa. In aka duba da kyau, wannan shi ne wasan wuta na gargajiya a ƙasar Hausa da Fulani, kuma tun asali yana da tsari. Ba kowa ne yake wayar gari ya shiga cikinsu ba. Suna da shugaba, wanda a masarautu da yawa ake kira Sarkin Bindiga. Yaro yakan daɗe yana bin manya, yana ɗaukar musu kaya, yana kallon yadda ake auna albarushi da yadda ake juya bakin bindiga daga jama'a, kafin a yarda ya ɗana. Wanda ya yi ganganci akwai mai tsawata masa, akwai kuma mai hana shi fita hawa na gaba. Ashe tun kafin takarda da hatimi, akwai lasin, sai dai a bakin dattawa yake.

Abin baƙin ciki, sunan kansa ya sha wahala a wannan zamani. A da in an ce 'yan bindiga, zuciya takan tafi ga ƙofar fada da ranar Sallah. Yau in an faɗi kalmar a rediyo, sai gaban mai sauraro ya faɗi, domin ta zama sunan masu kashe mutane da satarsu a dazuzzuka. Haka ita ma ƙarar ta sake ma'ana a kunnen mutanen Gombe. Ba su manta da bom ɗin tashar Gombe Line na watan Oktoba 2014 ba, ba su kuma manta da waɗanda suka tashi a babbar kasuwa cikin Yuli 2015 ba, jajibirin ƙaramar Sallah, mutane suna tsakiyar sayayya. A watan Nuwamba 2014 'yan Boko Haram suka shiga kamfanin siminti na Ashaka suka kwashi nakiya. Garin da ya ga irin wannan, in nokawut ya fashe a lungu da dare, tsohuwa ba za ta tsaya tambayar ko biki ake yi ba. Don haka ne rundunonin 'yan sanda na jihohi da dama suke sanar da hana sayarwa da kunna nokawut duk ƙarshen shekara, suna cewa miyagu suna fakewa da ƙararsa su yi ɓarna. Saurayin da yake son wannan sana'a lalle ne ya fara da fahimtar wannan tsoro, ya kuma girmama shi, domin da jini aka saye shi.

Sa'an nan sai ilmin abin. Albarushi asalinsa daga ƙasar Sin, inda aka gano shi wajen ƙarni na 9, kuma har yau garin Liuyang na lardin Hunan shi ne cibiyar ƙera kayan wasan wuta da ake kai wa duniya. Abubuwa uku ake haɗawa: gawayi, da farar wuta, da wani irin gishiri wanda yake ba wuta iskar da take bukata daga cikin jikinsa. Wannan gishiri shi ne sirrin hatsarin, domin wutar da take ɗauke da iskarta ba ta mutuwa don an rufe ta da bargo ko an kife mata kwano. Launukan da suke burge 'yan kallo kuwa daga gishirin ƙarafa suke fitowa, kuma mutanen Italiya ne suka shahara da shigo da su wajen 1830. Sitaronshiyam yana ba da ja, bariyam kore, sodiyam rawaya, jan ƙarfe kuma shuɗi, wanda masana suka ce ya fi sauran wuyar samu, don in zafi ya yi yawa sai launin ya dushe. Ƙwallon da ake harbawa sama yana zaune ne a cikin bututu mai ƙarfi. Albarushin da ke ƙarƙashinsa ya cilla shi, wani lagwani da aka auna tsawonsa ya riƙa ci a hankali, sai ƙwallon ya kai ƙololuwa sa'an nan ya fashe. In lagwanin ya gaza da ɗan kaɗan, a kan mutane zai fashe.

Saboda haka ne aikin ƙwararre yawancinsa awo ne da haƙuri. A Amurka ƙa'idar da masu kashe gobara suka shimfiɗa ita ce a bar tazarar ƙafa 70 tsakanin bututu da 'yan kallo ga kowane inci ɗaya na faɗin ƙwallo. Ƙwallo mai inci 6 ke nan yana bukatar ƙafa 420 ta kowace fuska. Mai karatu ya auna wannan da lungunan da ake kunna wuta a cikinsu ranar kai amarya. Ƙwararre yana duba inda iska ta dosa kafin ya kafa bututu. Ba ya leƙa wanda ya ƙi tashi, sai ya jira, ya jiƙa shi da ruwa. Yana sa tufafin auduga, yana guje wa kayan aikin da ke ƙyasta wuta, yana ajiye kayansa a ɗaki na musamman nesa da gidaje, yana rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. A Gombe kuwa akwai ƙarin dalili, domin bukukuwan ƙarshen shekara suna faɗowa ne cikin hunturu, lokacin da iska ta bushe, ciyawa da karan dawa da rumfunan kasuwa duk suna jiran ƙyastu ɗaya.

Sakamakon rashin wannan tsari ba a ɓoye yake ba. Ran 26 ga Disamba 2012 wani ɗakin ajiya cike da kayan wasan wuta ya kama a Jankara, tsakiyar tsibirin Legas, gobara ta ci gine-gine, mutane da dama suka jikkata. Ran 16 ga Janairu 2024 unguwar Bodija ta Ibadan ta girgiza, gidaje suka rushe, aka yi asarar rayuka, Gwamna Seyi Makinde kuma ya ce nakiyar masu haƙar ma'adinai ce da aka ɓoye a cikin gida ba bisa ƙa'ida ba. Kada kuma a ɗauka takardar izni laya ce. A garin Enschede na ƙasar Holan, cikin Mayu 2000, ma'ajiyar wani kamfani mai lasin ta fashe ta kashe mutum 23, ta share unguwa guda. Lasin yana ɗora wa mutum nauyi ne kullum, ba ya sauke masa shi.

To, ina ƙofofin da suke buɗe ga saurayin Gombe? Ta farko ita ce ta gida, watau ya kai kansa ga 'yan bindigar fada, ya durƙusa ya ce Baba ga ɗanku ya zo koyo, ya yarda da ɗaukar kaya da jiran lokaci. Ko a nan ma akwai hannun hukuma, domin Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa sha'anin bindigar toka a ƙarƙashin Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Wannan ƙofa tana ba da daraja da tarbiyya, amma ba ta cika riƙe gida ita kaɗai ba, tun da yake hawa da naɗin sarauta ba kullum ake yinsu ba.

Ta biyu ita ce ta doka da makaranta. Dokar Abubuwa Masu Fashewa ta 1964, da ƙa'idodinta na 1967, su ne suka tsara wanda zai shigo da irin waɗannan kaya, da mai ajiye su, da mai sayarwa, da mai saye, da mai aiki da su, kowanne da takardarsa. Sashen duba ma'adinai na ma'aikatar tarayya mai kula da ma'adinai shi ne yake ba da takardun, har da shaidar gwanintar fasa dutse, shigo da kayan daga waje kuma sai da amincewar Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Gaskiya ne an gina wannan tsari ne da masu haƙar ma'adinai a zuciya, ba masu ƙawata biki ba. Duk da haka, aiki ne na gaske kuma yana kusa. Kamfanin Ashaka, a ƙaramar hukumar Funakaye, tun 1979 yake yin siminti, kuma dutsen farar ƙasa ba ya fitowa daga rami sai an fasa shi. Masu fasa duwatsun gini da na hanya su ma suna bukatar mutum mai takarda. Wanda ya karanta ilmin haɗa sinadarai a Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, ko ya nufi Cibiyar Nazarin Ma'adinai ta Jos, ya yi shekaru a ƙarƙashin ƙwararre, ya koyi ajiya da lissafi da tazara, shi ne wanda in ya je gaban hukuma neman iznin wasan wuta za a saurare shi.

Mai yiwuwa saurayin ya ce wannan hanya ta yi nisa, shi launi yake so a sama, ba ƙura a rami ba. Sai ya dubi gidan Grucci na Amurka. Kakansu ya fara sana'ar ne a kudancin Italiya a 1850, zuriya ta yi ta gadonta, kowane yaro yana farawa daga ƙasa. A 1983 masana'antarsu ta Bellport, a jihar New York, ta fashe, 'yan gidan biyu suka rasu. Ba su bar sana'ar ba, sai suka sake gini a wuri mai nisa da jama'a. Su ne suka shirya wasan shiga shekarar 2014 a Dubai, inda aka harba ƙwallo kusan rabin miliyan cikin minti shida. Minti shida ɗin nan, shekara fiye da 160 ce take bayansa. Mai haƙuri, in ji Hausawa, shi yake dafa dutse.

Akwai kuma abin da ya rage ga hukuma. Shekara da shekaru ana shelar hani, shekara da shekaru kuma nokawut yana shiga kasuwa ta bayan gida, yana ƙarewa a hannun yara 'yan shekara goma, waɗansu su rasa yatsu, waɗansu ido. Hani shi kaɗai yana kore mai son bin ƙa'ida ne, ya bar fili ga wanda bai damu da ita ba. Da Gwamnatin Jihar Gombe, da 'yan sanda, da 'yan kwana-kwana, da fada za su zauna su fitar da tsari bayyananne, a san wanda aka horar, a san inda yake ajiya, a keɓe fili mai faɗi irin na filin wasa na Pantami, a sanar da jama'a rana da sa'a tun da wuri don kada ƙara ta firgita kowa, da an rage ɓarna, an kuma buɗe wa waɗansu matasa hanyar abinci. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Hayaƙin 'yan bindiga yana cikin abin da duniya ta gani ta yaba, kuma masu tsari ne suka kawo shi har yau.

Iyayen irin wannan yaro su ma da nasu. Duka da zagi ba sa kashe sha'awar, sai dai su kore ta zuwa bayan gari inda babu mai gani. Abin da ya fi shi ne a kama hannunsa a kai shi inda za a koya masa tsoron abin da yake so, domin a wannan sana'a wanda ya fi kowa jin tsoron wuta shi ne yake tsufa da yatsunsa goma. Allah ya kiyaye, ya shirya zuriya, ya sa sana'a ta zama mai albarka, amin.