Kwaɗo da Darasin SVT a Malanville

Ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko, a Malanville ya san cikin dabba tun kafin ya iya rubuta sunansa. Ya ga masu kifi na tsaga cikin tarwaɗa da karfasa a bakin kogin Kwara. Ya riƙe wa babansa ƙafar ragon layya ana fiɗa, an aike shi da kwanon kayan ciki wajen mata. In ka tambaye shi ina matsarmama take, zai nuna maka jikin hanta, har ya gargaɗe ka kada ka fasa ta.

Amma da ya kai kolej ya buɗe littafin SVT, darasin halittu da ƙasa, sai ya tarar da kwaɗo. Zanen nan ne da aka gada daga makarantun Faransa: kwaɗo an lalata masa ƙwaƙwalwa, an rataye shi, an tsoma masa ƙafa a ruwan asid don a ga ta janye. Inda babu ɗakin gwaji, mushe, wato malamin aji, yakan zana a allo, yara su haddace saboda jarrabawa. Inda mushe ke da himma kuwa, sai ya so a gani da ido, ya tura yara fadama su kamo. Himmarsa abin yabo ce, zaɓinsa ne ban yarda da shi ba.

Da yawa cikin yaran nan suna zuwa makarantar allo, kuma malamai sun san hadisin da ke cikin Abu Dawuda, inda wani mai magani ya tambayi Annabi (SAW) game da sa kwaɗo a magani, aka hana shi kashe shi. Yaron da ya ƙi riƙe wuƙar yana da hujjarsa, bai kamata a kira shi matsoraci ba.

Masu littafin ma sun sauya hanya. A shekarar 2016 ma'aikatar ilimin Faransa ta hana feɗe irin su ɓera da kwaɗo da aka tanada don darasi kawai, ta ce a yi amfani da sassan dabbobin da ake sayarwa don ci. Wato abin da suka koma nema a kantin nama, mu yana nan jibge a kasuwar Malanville, wadda ake cewa ita ce ta biyu a Benin bayan Dantokpa ta Kwatano.

Kuma rumfar mahauta ta fi fadama koyarwa. Zuciyar kwaɗo ɗaki uku gare ta, ga ƙanƙanta, sai na gaba-gaba ke gani. Ta rago ɗaki huɗu ce, daidai da ta ɗan Adam, tana cika hannu, yaro ya zura yatsa ta jijiya ya ji inda ta ɓulle. A samo huhu da maƙogwaronsa a haɗe, a sa tiyo a hura, aji duka ya ga yadda yake kumbura yana saɓewa. Ga idon sa, ga ƙoda, ga jan naman nan na ƙarƙashin kunnen kifi da yake numfashi da shi. Duk an riga an yanka don tukunya, babu ran da aka ɗauka saboda darasi. Mahauci ma, in an girmama shi aka gayyace shi aji, ya fi mushe sanin inda wuƙa ke bi.

Janyewar ƙafa fa? A zaunar da ɗalibi bisa tebur, a ɗan buge shi ƙasan gwiwa, ƙafar za ta harba da kanta. Sauran bayanin bidiyo a waya ya ishe shi.

Kwaɗin kwarin Kwara dama suna da masu bin su: ana kama manyan, a busar, a cika buhuna zuwa kasuwannin Najeriya, alhali su ke cin ƙwari a gonakin shinkafa. Bai kamata lakwal ta shiga sahu ba.

Iyaye, in ɗanku ya ce mushe ya ce a kawo kwaɗo, ku ba shi kuɗin zuciyar rago, ku haɗa shi da saƙon gaisuwa ga malamin.