Wa ke riƙe da hannun Antoni Janar?

1/ Kullum in aka taso maganar hukunta manya, sai a ɗora wa sashe na 308 laifi, wato rigar kariyar shugaban ƙasa da gwamnoni. Ni kam sashe na 174 ya fi tsaya min a rai. Rigar kariya ai tuɓe ta ake yi ranar da wa'adi ya ƙare. Shi wannan ba ya ƙarewa.

2/ Sashen ya ba Antoni Janar na Tarayya ikon shigar da ƙarar laifi, da karɓe wadda wani ya shigar, da janye ta a kowane mataki kafin a yanke hukunci. Na jihohi kuma suna da irinsa a sashe na 211.

3/ To, shi Antoni Janar ɗin shi ne Ministan Shari'a. Shugaban ƙasa ya naɗa shi, suna zama majalisar zartarwa ɗaya, sau da yawa jam'iyyarsu ɗaya.

4/ Ku tuna shari'ar Sanata Danjuma Goje. Tun 2011 EFCC ke kai da kawowa da shi a kotu. A watan Yunin 2019 ya janye wa Ahmad Lawan takarar shugabancin majalisar dattawa. Cikin 'yan kwanaki ofishin Antoni Janar ya karɓe shari'ar, a Yuli aka janye abin da ya rage na tuhumar a kotun tarayya da ke Jos. Ban ce ya aikata ba, ban ce ciniki aka yi ba. Abin da nake cewa, shekara takwas, amma ba a bar alƙali ya kai ƙarshen maganar ba.

5/ Da malaminmu ya karantar da mu shari'ar Ilori ta 1983, inda Kotun Ƙoli ta ce kotu ba ta da hurumin tambayar Antoni Janar dalilinsa, sai dai ra'ayin jama'a ko wanda ya naɗa shi ya cire shi, wallahi ajin dariya aka yi. Wanda ya naɗa shi fa!

6/ Ikon kansa ba laifi ba ne. Akwai yaron unguwarmu da ya shafe fiye da shekara a gidan yari kan wayar da ba a ma gano ta a hannunsa ba. Irinsu aka yi wa wannan ikon. Ba wanda ya tuna da shi.

7/ A Afirka ta Kudu an janye wa Jacob Zuma tuhumar rashawa a 2009, ana gab da zaɓe. Jam'iyyar adawa ta kai ƙara, a 2016 kotu ta ce janyewar ba ta da ma'ana, a 2018 aka dawo da tuhumar. Har yau ana ta jan ƙafa, gaskiya ne, amma dai an tilasta mai gabatar da ƙara ya fito ya kare dalilinsa a gaban alƙali.

8/ Abin da nake so ke nan a nan: a raba kujerar minista da ta Antoni Janar, kuma duk wanda zai janye ƙarar tsohon gwamna ya rubuta dalilinsa, ya sa hannu, mu karanta.