Baƙon da Ya Tsaya a Gindin Randa

In aka yi babban taro a Kano, ranar ƙarshe ta zagaya gari ce, kuma kowa ya san hanyar. A zuba baƙi a mota a kai su Dutsen Dala su hango birni, a sauko a ratsa Kasuwar Kurmi, a leƙa Gidan Makama, a ƙare a marinar Ƙofar Mata. Duk wuraren nan sun isa a je a gani. Sai dai wani baƙo da na taɓa saukewa ya nuna mini cewa in masu taron magina tukwane ne, akwai hanyar da ta fi dacewa da idonsu, ita ce wadda ta yi gabas.

Abokin yayana ne, malami mai koyar da aikin yumɓu, ya zo Kano taron abokan sana'arsa. Da aka tashi sai na ɗauko shi zuwa gidanmu a Kademi, cikin ƙasar Gaya. Tun a gadar Wudil na lura da shi. Sauran fasinjoji ruwa suke kallo da masu jirgin kwale-kwale, shi kuwa idonsa na kan gaɓar kogi, inda ƙasa ta zaizaye ta fito da launinta hawa-hawa. Ya taɓa ni ya ce, "Ƙanena, dubi waccan mai duhun ta ƙasa. In ka jiƙa ta ka murza, za ta yi danƙo." Na fi shekara ashirin ina haye gadar nan, ranar na fara ganin gaɓarta.

Da muka isa ya shiga gaida Inna, aka kawo masa ruwa a kwanon sha. Ya kurɓa, ya yi shiru, sannan ya nemi izinin ganin randar. Tana nan inda take kullum, a inuwar darbejiya, gindinta a binne cikin yashi, faifai a bakinta, moɗa a kife a sama. Ya tsuguna ya shafa cikinta da tafin hannu, ya nuna mini danshin da ya kama masa fata.

"Inna, wannan ba ta daɗe ba ko?"

"Bara aka sayo ta, ɗan nan. Tsohuwar ta daina sanyi, na mai da ita ta zuba gero."

Ya yi murmushi ya ce abin da suka kwana uku suna bayani a zauren taro ke nan Inna ta faɗa a numfashi ɗaya. Tukunyar da aka gasa a fili, da kara da ƙaiƙayi da busasshen kashin shanu, wutarta ba ta kai ta toshe ƙananan ƙofofin da ke jikin yumɓu ba. Ta nan ruwa ke tsattsafowa, iska ta busar da shi, ta tafi da zafin. Shi ya sa randa ta fi sanyi a lokacin bazara da hunturu, sa'ad da iska take a bushe, da damina kuwa sai ta yi sanyin jiki. In shekaru suka tura, laka da gishirin ruwa suka cike ƙofofin, sai nason ya tsaya, sanyin ma ya tsaya.

Daga nan ya shiga ƙirga yumɓun da ke gidan, ni ina biye da shi. Ga tandar waina ta yi baƙi ƙirin don mai da wuta. Ga kaskon turaren wuta a ƙofar ɗaki. Ga kaskon kaji a gindin rumbu, har da ƙadangaren da karin magana ta ce yana sha albarkacin kaza. Ga asusun ƙanwata a bayan gado, ga ƙaramar tukunyar ƙasa da Inna ba ta yarda a dafa saiwa da sassaƙe a wata sai ita. Ko fasasshiyar ba a yar ba, da katangarta ake ɗebo wuta daga maƙwabta. Tulu ne kaɗai ya nema ya rasa. Jarka ta karɓe masa aiki, don ba ta da nauyi kuma ba ta fashewa a hanyar rijiya, yarinyar da ke ɗauko ruwa kuwa ba wanda zai ga laifinta.

Ranar kasuwa muka nufi gefen masu tukwane. Nan ma tsayawa ya yi yana kallon yadda mata ke saye. Ba wadda take fara tambayar kuɗi. Sai ta ɗaga tukunya da hannun hagu, ta ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ta kasa kunne. In ta amsa garau, ta gasu. In muryarta ta dushe, akwai tsaga a ɓoye, sai a ajiye a ɗauki wata. Shi kuma ya kifa wata randa ya bi gindinta da yatsa, ya nuna mini yadda aka yi ta: an kifa tsohuwar tukunya, an barbaɗa toka, an shimfiɗa yumɓu a kai ana bubbugawa har ya ɗauki siffa, da ya sha iska aka cire aka ɗora wuya da baki. Ya nuna mini layin da rabi biyun suka haɗu, wanda sai an faɗa maka za ka gan shi. Ɗan tsakuwa-tsakuwar da ke jikinta kuma dakakken tsingaro ne da ake cuɗawa da yumɓu don kada ya tsage a wuta.

Da zai karɓi canji aka haɗo masa da takardar naira 20. Ya juya bayanta ya nuna wa mai tukwanen hoton Ladi Kwali tana gini. Ita ma da hannu ta koya a garinsu Kwali, kafin a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu. A can aka riƙa shafa wa tulunanta sinadarin ƙyalli ana gasa su a wutar da ta haura maki 1,200. Suka yi kyan da ya kai ta Turai da Amurka, har Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Amma wutar da ta ba su ƙyalli ta rufe musu ƙofofin naso, ta ƙara musu nauyi, suka zama na ajiya a kalla. Malam ya ce yana girmama waɗancan, amma mai son ya fahimci tukunya sai ya gan ta a bakin aikinta.

Kuma aikin bai ƙare ba. A Dutse, nan maƙwabtanmu, marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jigawa, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir da tattasai da kan lalace cikin 'yan kwanaki suka riƙa kai makonni ba tare da lantarki ba. Wannan ya ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Hikimar gindin randar Inna ce ya faɗaɗa.

Ko Dalar da ake kai baƙi, tarihin baka ya ce maƙeran Gaya, Abagayawa, su ne suka je can neman tama suka zauna, kuma da yumɓu ake gina murhun narka tama. Wanda ya kawo magini ƙasar Gaya ya kawo shi mafarin labarin ne. Don haka ina roƙon masu shirya irin wannan taro su ware wuni guda su yo gabas da baƙinsu. A yi sallama a zaure, a nemi izini, a zauna da masu tukwane, a sayi kayansu da daraja.

Malam ya koma da sabuwar randa ƙarama. Inna da kanta ta naɗe masa ita da tsohon zane, ta cusa ciyawa a ciki, ta ce ya fara cika ta da ruwa ya zubar sau biyu kafin a sha. Bai yarda a ɗaure ta a bayan mota ba. A cinyarsa ya rungume ta har Kano.