Daga Dutse Zuwa Birnin Kudu: Darasin Gaɓa a Allunan Hanya

Duk ɗalibin da rabon gaɓar kalma yake ba shi wahala, ya shiga mota daga Dutse, ya zuba ido a kan allunan bakin titi. Darasin yana nan a rubuce.

Mu fara da Dutse kanta, wadda ta zama babban birnin Jihar Jigawa a 1991. Manyan duwatsun da suka kewaye Garu, inda fadar Sarki take, su suka ba ta suna. Baƙi sukan ce Dut-se, amma wannan kuskure ne. Harafin "ts" baƙi ne mai goyo, sauti ɗaya ne, ba a raba shi. Daidai shi ne Du-tse. Haka "sh" yake a Shu-wa-rin, garin kasuwar nan ta ƙaramar hukumar Kiyawa.

Idan mota ta iso Kwanar Huguma, sai harɗaɗɗun sunaye su bayyana. Kalmomi biyu ne a nan: kwana da Huguma. Kwana tamace ce, shi ya sa ta ɗauki "r". Birni kuwa namiji ne, sai ya ɗauki "n", aka sami Birnin Kudu, garin da ya yi suna saboda tsofaffin zane-zanen da ke jikin Dutsen Habude. Wannan ƙaramin baƙi ba ya tsayawa shi kaɗai, jikin kalmar farko yake maƙalewa ya rufe gaɓarta: Bir-nin Ku-du. Haka Ka-fin Hau-sa, daga kafi, wato shingen itace da ake kare gari da shi a da.

Ba mu kaɗai ke da wannan tsari ba. A ƙasar Nowe da ke arewacin Turai, haɗe kalmomin suke yi wuri guda. Kalmar arbeidsdag, ma'ana ranar aiki, ta fito daga arbeid da dag, da "s" a tsakiya mai aiki irin na "n" ɗinmu. Su ma a jikin kalmar farko suke barinsa: arbeids-dag.

Ƙannena, wannan tambaya tana fitowa a jarrabawar Hausa, kuma maki ne da bai kamata ya kuɓuce muku ba. Kowa ya rubuta sunan garinsu, ya tafa hannu a kan kowane wasali, ya ƙirga. Sai dai a tuna, tagwan wasali kamar "au" na Hausa tafi ɗaya ne.