Ƙanƙarar Baba da Lissafin Iyaka Mai Tafiya



Da kuɗin ƙanƙara mahaifina ya biya mini makaranta. A nan Sabo ta Ibadan yake ƙulla ruwa a manyan ledoji ya jera a firiza, masu zoɓo da kunun aya su zo su saya. To amma duk ranar da aka ɗauke wuta da wuri, sai a tarar bayan ƙullin ya daskare, cikinsa kuwa ruwa ne tsundum. Ranar babu ciniki ke nan.

Wata rana da haushi ya ishe shi sai ya ce mini, "Kai, wannan lissafin da kake yi a jami'a, me zai tsinana mana?" Na yi shiru, don ba ni da amsa.

Sai a ajin ƙarshe na ci karo da matsalar Stefan, wani masani da ya yi nazarin yadda tekun ƙarshen duniya ke daskarewa a 1889. Wahalarta ita ce, iyakar da ke tsakanin ruwa da ƙanƙara ba a tsaye take ba, kullum matsawa take yi, kuma ita ce ake nema. Shi ya sa akasari biro da takarda ba sa warware ta, sai kwamfuta.

Ga yadda ake yi: a yanka ƙullin gida-gida kamar filin dara, lokaci ma a gutsuttsura shi. Wasu kan bi sawun iyakar taki-taki. Ni kuwa na bi ɗaya hanyar, wato ƙididdige zafin da ya rage a kowane gida, domin kowane giram na ruwa sai ya saki jul 334 kafin ya daskare. Iyakar sai ta bayyana da kanta.

Abin da ya fito shi ne, ƙanƙarar da ta riga ta kama bargo ce ga ruwan ciki. In ka ninka kauri biyu, lokacin daskarewa ya ninku kusan huɗu.

Na ce, "Baba, mu rage kaurin ƙullin rabi, mu kwantar da shi kamar gurasa." Ya dube ni bai ce uffan ba. Washegari da asuba ya miƙo mini kuɗi ya ce, "Je ka sayo ƙananan ledoji."

Har yau ban samu shaidar da ta fi wannan aiken ba. Allah Ya saka wa iyayenmu da alheri.