Kirfa kayan ƙamshi ce, ba ta maye gurbin likita



Ni malamin yaƙi da jahilci ne. Cikin ɗalibaina akwai dattawa masu ciwon sukari. Suna jin masu talla a kasuwannin Ƙonni da Illela suna cewa kirfa na warkar da ciwon, har wasu na shawarar barin ƙwayar likita don tsada. Ga abin da na sani.

Kirfa ɓawon itace ce. Daga Siri Lanka da Sin da Indonesiya ake kawo muna ita. A 2003, a garin Feshawar na ƙasar Pakistan, masana sun gwada ta ga mutum 60 masu ciwon sukari. Rabinsu anka ba kirfa, garam 1 ko 3 ko 6 kullum, har kwana 40. Sukarin jininsu ya ragu. Kitsen da ke toshe hanyoyin jini, wanda likita ke kira kolesterol, shi ma ya ragu. Amma ku lura, mutanen nan ba su bar shan ƙwayarsu ba.

A 2012 wasu masana sunka tara gwaji 10 da anka yi ga mutum 577. Ba su samu tabbacin amfaninta ba. Manomi ya sani, damina guda ba ta isa a yabi iri.

Kuma kirfar da ta fi yawa a kasuwa tana iya taɓa hanta in ana shan ta da yawa kullum. Wanda ya zuba ta cikin shayi, ya bi ta da sukari cokali huɗu, ya yi aikin banza.

Ciwon sukari in an bar shi yana cin ido da ƙoda. Sartse a ƙafa sai ya zama gyambo, har a yanke ƙafar. Wa zai yi noman, wa zai bi dabbobi?

Ku tafi gidan likita mafi kusa, ko asibitin Galmi, a auna ku. Ɗigon jini guda ya isa. Ku rubuta lambar da ranar cikin littafinku, tunda yanzu kun iya. Mai son kirfa shi faɗa wa likita, kuma kada shi bar ƙwayarsa.

Allah shi ba mu lafiya, amin.